Rajistar aiki: daidaita famfuna da masai na gidajen haya uku a Sidni da dokar tattalin ruwa

13 ga Janairu, 2025

Gidajen haya uku ne na mutum ɗaya a yammacin Sidni, jihar New South Wales ta Ostireliya. Biyu tagwaye ne, bango ɗaya ya raba su, ginin shekarun 1970. Na uku ƙarami ne, an gina shi daga baya a bayan na biyu. A nan za a riƙa kiransu Gida na 1, Gida na 2 da Gidan Baya.

Mai gida yana so 'yan haya su riƙa biyan kuɗin ruwan da suka sha. Sashe na 39 na dokar hayar gidaje ta jihar, ta 2010, bai ba shi wannan dama ba sai gidan yana da mitarsa shi kaɗai, kuma yana da kayan tattalin ruwan da ƙa'idojin 2019 suka fayyace. Kan shawa kada ya zubar da fiye da lita 9 a minti. Famfon ruwan sanyi da famfo mai hannu ɗaya, na sinkin kicin da na kwamin wanke hannu a banɗaki, su ma lita 9. Kada a bar famfo ko masai mai yoyo a farkon haya, ko duk lokacin da aka taɓa waɗannan kaya. Sabon sharaɗin da ya sa aka tashi aikin yanzu zai fara aiki 23 ga Maris, 2025: kowane masai ya zama mai maɓalli biyu, cikakkiyar kora da rabin kora, da aƙalla taurari 3 a tambarin WELS, tsarin gwamnatin tarayya na auna kayan ruwa.

Famfon bahon wanka, na wanki, na injin wanki da na tsakar gida ba sa cikin iyakar lita 9. Amma idan suna ɗiga, sharaɗin yoyo ya hau kansu.

Kiyasin farko: dala 3,200 na Ostireliya. An aika wa 'yan haya sanarwa. Shiga don gyara yana buƙatar sanarwar kwana 2, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 8 na dare, ban da Lahadi da ranakun hutu sai in ɗan haya ya yarda.

15 ga Janairu

Awo kawai, ba a sayi komai ba. Kayan aiki: bokiti mai layin lita, agogon waya, da ma'aunin matsi da ake ɗaurawa a bakin famfon waje. A buɗe famfo har ƙarshe, a tara ruwan daƙiƙa 10, a ninka sau 6. Duk abin da ya wuce lita ɗaya da rabi a daƙiƙa 10 ya faɗi. Famfo mai hannu ɗaya ana auna shi a sanyi zalla, a zafi zalla da kuma tsakiya, a ɗauki mafi yawa.

Gida na 1: shawa lita 17, famfon sanyi na kicin 19, na kwamin banɗaki 14. Masai ɗaya, mai maɓalli ɗaya, tanki lita 11.

Gida na 2: shawa 15, famfon kicin mai hannu ɗaya 12, kwami 8.5. Masai biyu. Na waje kusa da ɗakin wanki maɓalli ɗaya ne. Na cikin banɗaki yana da maɓalli biyu, wakilin gidan ma ya riga ya rubuta cewa ya cika sharaɗi, amma a cikin murfin tankin an buga 9/4.5, wato lita 9 cikakkiyar kora, 4.5 rabin kora. Yadda ake lissafin WELS shi ne cikakkiyar kora ɗaya da rabin kora huɗu, a raba biyar. Wannan tankin ya ba da lita 5.4, taurari 3 kuwa sai matsakaicin bai wuce lita 4 ba. Mai 6/3 yana ba da 3.6, mai 4.5/3 yana ba da 3.3. Ganin maɓalli biyu ba hujja ba ne, sai an ɗaga murfi.

Gidan Baya: komai taurari 4, babu abin canzawa.

Matsin ruwa a layukan Gida na 1 da na 2, famfuna a rufe: kilofaskal 720. Ma'aunin aikin famfo na ƙasar, AS/NZS 3500, ya iyakance shi a 500 a cikin gini. Kuɗin awo dala 240.

16 ga Janairu

Gwajin mita. Baƙaƙen lambobi kilolita ne, wato lita dubu-dubu, jajaye lita. Aka rufe komai a Gida na 1, aka rubuta lamba, bayan minti 30 mita ta tafi da lita 6. Wato lita 288 a rana, kusan kilolita 26 a zangon bil ɗaya na wata uku, ba tare da kowa ya buɗe famfo ba.

An ɗiga launin abinci a tankin masai, cikin minti 10 launin ya bayyana a kwano. Robar gindin tanki ta taurare ta tsage. Irin wannan yoyon ba a jin ƙararsa, ruwan yana bin bayan kwanon ne siriri, sai an manna busasshiyar takarda a wurin kafin a gan shi. An sa sabuwar roba a matsayin wucin gadi tunda masan gaba ɗaya zai fita.

Da aka sake gwaji, saura lita 1 a minti 30. Ta fito ne daga tankin ruwan zafi mai lita 250. A layin sanyi da ke shiga tankin akwai bawul ɗin sakin rarar ruwa, an buga masa kilofaskal 700, matsin da yake buɗewa a kai. Aikinsa ya ɗan saki ruwa lokacin da tanki ke ɗumama, ruwa yana faɗaɗa. Amma da yake matsin da ke shigowa daga titi ya kai 720, bawul ɗin bai taɓa samun rufewa ba, yana ɗiga dare da rana a bututun da ya faɗa magudana inda ba mai gani. Dokar haya famfo da masai ta ambata, ba ta ambaci wannan bawul ba, sai dai ruwan yana bi ta mitar ɗan haya, don haka gyaransa ya zama dole.

Mitar Gida na 2 ba ta motsa ba. Abin da aka gano a can ya fi yoyo nauyi: da aka buɗe famfo a Gidan Baya, mitar Gida na 2 ce ke juyawa. Layi ɗaya suke.

17 ga Janairu

Ba aikin hannu. Takardu sun nuna an riƙa tura wa 'yan hayar Gida na 1 kuɗin ruwa a bara, alhali shawa tana zubar da lita 17. Gidan bai cika sharaɗi ba, kuɗin bai halatta a karɓa ba, kuma ɗan haya na iya kai maganar kotun NCAT da ke sauraron rikicin haya ya nemi a mayar masa. Mai gida ya amince a cire kuɗin daga haya, a rubuce, kuma a dakatar da tura bil har sai an kammala aiki.

22 ga Janairu

Mai aikin famfo mai lasisi ya sa bawul mai rage matsi, na milimita 20, saiti 500, a bayan kowace mita. A jihar nan canza washa ko kan shawa ne kawai ake bar wa mai gida, yanka layi da sa bawul aikin mai lasisi ne, kuma duk kayan da za su shiga layin ruwan sha sai masu tambarin WaterMark, shaidar ingancin kayan famfo ta ƙasar. An canza bawul ɗin tankin ruwan zafi ma, don mazauninsa ya cinye.

Dalilin da ya sa aka fara da matsi kafin a taɓa famfuna ya fito a awon da aka sake yi da rana. Gida na 1: shawa ta sauko 14, kicin 16, kwami 12. Gida na 2: shawa 12.5, kicin 10, kwami 7. Yawan ruwan da ke fita yana bin tushen murabba'in matsi ne, saukowa daga 720 zuwa 500 tana rage wajen kashi 17 cikin ɗari. Da an zaɓi kayan taƙaita ruwa bisa awon farko, da wasu famfunan sun koma tsiyaya. Ga kuma tsawon rai: matsi mai yawa shi ke cin washa, ya fasa tiyo, ya kashe bawul ɗin tankin masai.

An gaya wa 'yan haya cewa sabon bawul ɗin tanki zai riƙa ɗan ɗiga lokacin ɗumama ruwa. Wannan daidai ne, tunda bawul mai rage matsi ba ya barin ruwan da ya faɗaɗa ya koma titi. Ɗigar da ba ta tsayawa ita ce ta kira.

Bawul biyu da sawa dala 760, na tanki 165. Jimla zuwa yau 1,165.

24 ga Janairu

An yi odar kan shawa, rariyoyin bakin famfo da washoshi. Litinin hutu ne, aiki sai Talata.

28 ga Janairu

Ranar famfuna. Kan shawa biyu masu taurari 4, lita 7.5. Kafin a ɗaura, an buɗe ruwa ta hannun shawar babu kai na ɗan lokaci don tsatsa da yashi su fita, in ba haka ba 'yar robar da ke taƙaita ruwa tana toshewa a makon farko. Tef ɗin zare a bi da shi yadda ake ɗaure kan, a ɗaure da hannu, sifana ta ƙara kaɗan. Awo: 7.2 da 7.4.

Famfon kicin na Gida na 2 bai ba da wahala ba. Bakinsa yana da zare a ciki, milimita 24, aka cire tsohuwar rariya aka sa mai taƙaitawa zuwa lita 7.5. Girma biyu aka fi samu, 24 mai zaren waje da 22 mai zaren ciki, gara a je da duka biyun.

Kicin ɗin Gida na 1 tsohon yayi ne, hannu biyu a bango da baki ɗaya a tsakiya, bakin kuma ba shi da zare sam. An kwance kan famfon sanyi, aka maye gurbin 'yar sandar washa da irin wadda ke da mataƙaici a jikinta, na milimita 12. Ya ba da lita 8. Hannun zafi doka ba ta nema ba, amma an sa masa shi ma, don idan sanyi kaɗai aka matse, haɗa ruwa yana zama wuya, zafi ya riƙa rinjaya.

Famfunan kwamin Gida na 1 su suka ci lokaci. Sabuwar washa ba ta hana ɗiga ba, domin mazaunin tagullar da take zama a kai ya yi rami, ruwa mai matsi ya daɗe yana yankansa. An goge na zafi da abin gyaran mazauni, ya yi sumul. Na sanyi ramin ya yi zurfi, ƙara gogewa zai huda shi. An canza duka biyun da sababbi masu taurari 5. Awo lita 5.5, ya isa wanke hannu da fuska.

Kan shawa 90, ƙananan kaya har da robar masai ta ranar 16 ga wata 74, famfunan kwami 150, aiki 360. Jimla 1,839.

30 ga Janairu

Ƙorafi daga Gida na 2: ana cikin wanka ruwan zafi ya ɗauke, sai an ƙure hannun zafi ya dawo da ƙuna. An sa ranar duba.

3 ga Fabrairu

Hitar Gida na 2 ba tanki ba ce, tsohuwar mai iskar gas ce da ke ɗumama ruwa yayin da yake wucewa. A cikinta akwai faifan roba da gudun ruwa ke turawa ya buɗe gas. Idan ruwan da ke ratsa ta ya gaza wani adadi, wuta ta mutu. An auna da bokiti a famfon zafi ana rage shi sannu a hankali: wutar tana mutuwa a wajen lita 4 a minti.

Lissafin ya nuna inda gizo ke saƙa. Yanzu lokacin zafi ne a nan, ruwan famfo yana shigowa a digiri 23. Hita tana fitar da 60. Mai wanka yana son 40. Kason ruwan zafi a haɗin shi ne 17 bisa 37, ƙasa da rabi. Da tsohon kai mai lita 15, ana jan kusan lita 7 ta hita, lafiya lau. Da sabon kai mai 7.4, lita 3.4 kawai ke bi ta cikinta, wuta ta mutu.

Mai lasisin aikin gas ya yi abu uku. Ya wanke rariyar mashigar ruwa, wadda ta cika da yashi. Ya rage wutar gas zuwa saitin bazara har ruwan ya riƙa fita a digiri 50. Bai taɓa maɓallin ruwa ba, domin a irin waɗannan hitoci juya shi wajen sanyi yana ƙara yawan ruwan da ake buƙata kafin wuta ta kama. Sannan aka canza kan shawa zuwa mai taurari 3, wanda ya auna 8.5. Yanzu kason zafi 17 bisa 27 ne, wajen lita 5.4 ta hita, an bar iyakar mutuwa da tazara. Lita 8.5 kuwa tana cikin doka. Ba a ba da lada don an sauka ƙasa da 9, kuma shawar da ke ɗauke zafi ita ce ke sa ɗan haya ya zare robar taƙaitawa da kansa, gidan ya fita daga ƙa'ida ba wanda ya sani.

Hitar da ba ta ajiye ruwa ana iya rage mata zafi haka. Tanki irin na Gida na 1 ba a saukar da shi ƙasa da digiri 60, saboda ƙwayar cutar Legionella tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Gidan da tankinsa ke cikin rufi kuwa, ruwa na saukowa da nauyinsa, matsalarsa daban ce: kowace mita ɗaya ta tsayi tana ba da wajen kilofaskal 10 ne kacal, kan shawa mai mataƙaici zai koma ɗiga. A irin wannan gida a fara aunawa, sau da yawa ma bai kai lita 9 ba tun asali.

Gyaran hita 210, kan shawa 40. Jimla 2,089. Hitar ta tsufa, za a sa ta cikin kasafin baɗi.

5 ga Fabrairu

Awon masai kafin oda. Abin da ake aunawa shi ne inda bututun fita yake. Idan ƙasa yake shiga, a auna daga bango zuwa tsakiyar bututu. Idan bango yake shiga, a auna tsayinsa daga ƙasa. Na Gida na 2 duka ƙasa suke shiga, milimita 140, girman da aka fi samu a kasuwa. Na Gida na 1 ya ba da 230. Masai mai tanki zaune a kan kwano ba zai yi ba, zai bar tanki a tsaye nesa da bango. Za a sa irin wanda tankinsa ke jikin bango, bututu mai daidaituwa ya haɗa shi da kwano.

Mai gida ya tambaya ko za a canza tankuna kawai a bar kwanuka. A'a. Tsohon kwano an ƙera shi ne don lita 11, ruwan da ke kwance a wuyansa yana da yawa, lita 4.5 ba ta iya ture shi, sai mutum ya danna sau biyu ko uku. Kuma taurarin WELS na tanki da kwano a haɗe ne, yadda aka yi musu rajista.

Bangon banɗakin Gida na 1 allon siminti ne a ƙarƙashin tayil. Gidan da aka gina kafin 1990 a ƙasar nan ana ɗaukar irin wannan allo a matsayin mai asbestos, sinadarin da ƙurarsa ke cutar da huhu, har sai gwaji ya ce ba haka ba. An aika samfur, dala 95.

11 ga Fabrairu

Masai biyu na Gida na 2 sun shiga, 4.5/3, taurari 4. An canza 'yan bawul ɗin bango da tiyo masu saƙar ƙarfe na duk masai da kwami a gidajen biyu, don wasu sun fara tsatsa a wuya, kuma fashewar irin wannan tiyo cikin dare tana iya cika gida da ruwa. An cire tambarin WELS daga kwalaye an adana. Masai 620, sawa 520, tiyo da bawul 96. Jimla 3,420.

13 ga Fabrairu

Sakamakon gwaji: akwai asbestos. Ba za a huda sabon rami ba. An zaɓi tankin da ramukansa suka dace da tsofaffin ramukan sukurori.

18 ga Fabrairu

Masan Gida na 1. Tsohon kwanon an dasa shi ne a kwaɓin siminti, ba sukurori ba, kuma bakinsa an liƙe shi da siminti cikin wuyan bututun yumɓu. Ba ya fita sai an fasa. An fasa kwanon daga sama, aka cusa tsumma a bututu don kada tarkace su faɗa, aka riƙa sare simintin daga ciki zuwa waje. Duk da haka wuyan yumɓun ya tsage, da ma akwai tsohuwar tsaga mai baƙin datti a jikinsa. An yanke shi daidai da ƙasa, aka sa mahaɗin roba mai shiga cikin bututu na milimita 100. Sabon kwano ya fi tsohon ƙaramin gindi, ya bar zoben siminti a fili, aka cike shi aka shafe. An hana amfani da masan har washegari, da yardar 'yan haya tun kafin a fara, tunda shi kaɗai ne a gidan.

Idan aka ɗauka mutum yana kora ruwa sau 5 a rana, tsohon tanki lita 55 ne, sabo 16.5. Gida mai mutum huɗu ya rage lita 154 kullum daga masai kaɗai.

Masai 260, sawa 260, gyaran wuya 190. Jimla 4,130. An wuce kiyasi.

20 ga Fabrairu

Gwajin launi a duk tankuna, babu yoyo. Mitoci biyu a tsaye cik.

26 ga Fabrairu

Masan waje na Gida na 2 ya toshe, ruwa yana tasowa har bakin kwano sannan ya sauka a hankali. Toshewar masai tana cikin gyaran gaggawa a dokar haya, ɗan haya na iya kiran mai gyara da kansa a biya shi har dala 1,000 idan mai gida bai amsa ba, saboda haka an je a ranar.

Zargin farko ya faɗa kan sabon masai, amma tagwayensa na cikin banɗaki yana aiki daidai. An zura kyamara ta ƙofar duba magudana. Layin na yumɓu ne, guntu-guntu, kuma saiwar itace ta shiga ta mahaɗai uku. An yanke ta da injin feshin ruwa mai ƙarfi. Da kyamara ta sake shiga, sai ga asalin ciwon: wani yanki mai tsawon mita 3 ya lotsa, ruwa yana kwance a ciki har kusan rabin bututu. Shekara da shekaru lita 11 tana zuwa da ƙarfi ta ture komai ta wuce wannan kwari. Lita 4.5 tana isa wurin a gajiye, takarda ta kwanta, ta baya ta zo ta hau kanta. Masan ciki bai gamu da wannan ba domin ya haɗu da layin a ƙasa da wurin, kuma ruwan shawa yana wanke masa hanya. Na waje shi kaɗai ne a ƙarshen layinsa, ba wani ruwa da ke bi bayansa. Allura ta tono garma.

Zaɓi biyu aka ajiye wa mai gida. A canza zuwa masai mai 6/3, wanda har yanzu taurari 3 ne, ko a tone a gyara layin. Na farko ya fi sauƙi a aljihu, amma ƙarin lita ɗaya da rabi ba zai ɗaga bututun da ya lotsa ba, saiwa kuma za ta dawo ta mahaɗan da suka buɗe. Ya zaɓi tono. Kyamara da feshi 540.

4 ga Maris

An nemi taswirar layukan ƙarƙashin ƙasa kafin a sa diga. An tone, aka cire yumɓun da ya lotsa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta zaizaye, alamar mahaɗin ya daɗe yana yoyo. An daddage gindin rami, aka shimfiɗa tsakuwa, aka sa bututun PVC na milimita 100 da mahaɗan roba a kai biyu. Gangarar da ma'auni ya nema ga wannan girma ita ce 1 cikin 60, wato milimita 50 a mita 3, an duba da ma'aunin lebur kafin a rufe. An kora rabin kora da takarda ana kallo ta ƙofar duba, ta wuce. Dala 1,650. Jimla 6,320.

Duk gidan da ke da tsohon layin yumɓu da masai a can ƙarshe shi kaɗai, kyamara ta riga sabon masai shiga. Kuɗinta bai kai na kiran gaggawa ba.

7 ga Maris

Ba aiki, ruwan sama. An duba ramin da aka cike, bai lotsa ba.

12 ga Maris

Maganar mitar Gida na 2 da Gidan Baya. Dokar ta ce mita ta auna ruwan gidan nan kaɗai, kuma ta zama wadda mai samar da ruwa zai iya fitar da bil dabam a kanta. Raba bil gida biyu, ko rabawa bisa yawan mutane, bai shiga ba. Yadda abin yake yanzu, ko Gida na 2 ko Gidan Baya ba wanda za a caja, duk da cewa kayansu sun cika sharaɗi.

Bil huɗu na bara sun nuna kilolita 310 a wannan mita, kuɗin shan ruwan ya ɗan haura dala 800. Farashin da aka bayar na jan sabon layi da mita zuwa Gidan Baya dala 4,200 ne, kusan shekara biyar kafin ya mayar da kansa, kuma zai fi haka tunda shan ruwan zai ragu da sababbin kaya. Mai gida ya ɗage shawara har sai an ga bil biyu masu zuwa. Aikin da aka yi a Gida na 2 bai tafi a banza ba, tunda shi ke biyan ruwan, ragin aljihunsa zai shiga.

Wanda ke da gida a jihar Queensland kada ya kwafi wannan rajista kai tsaye. Can iyakar lita 9 ɗaya ce, amma an rubuta sharaɗin masai da lita: 6.5 cikakkiya, 3.5 rabi, matsakaici 4, kuma wa'adin biya da na tura bil daban ne.

18 ga Maris

Awon ƙarshe, da bidiyon bokiti da agogo a kowane famfo. Gida na 1: shawa 7.2, kicin 8, kwami 5.5. Gida na 2: shawa 8.5, kicin 7.3, kwami 7. Matsi 490 da 500. Mai aikin famfo ya rubuta rahoto da lambar lasisinsa, kwanan wata, awon kowane famfo, da samfuri da lambar rajistar WELS ta kowane masai. An haɗa shi da rasit da tambura a fayil ɗaya. Idan magana ta kai kotu, mai gida ne zai nuna cewa gidan ya cika sharaɗi a lokacin da aka sha ruwan. Rahoto 185. Jimlar aiki dala 6,505, fiye da ninki biyu na kiyasi, kuma 2,190 daga ciki magudana ta ci.

21 ga Maris

An karanta mitar Gida na 1 ranar 18 ga wata a gaban ɗan haya, an ɗauki hoto, kowa ya sa hannu. Daga wannan lamba za a fara caji, abin da ya gabace ta a bil mai zuwa na mai gida ne. Kuɗin shan ruwa kaɗai ake turawa, kuɗin hidimar layi da na magudana suna kan mai gida. A tura kwafin bil cikin wata 3 da fitowarsa, a ba ɗan haya kwana 21 ya biya, kada a ƙara ko sisi a kan abin da ke rubuce.

Abin da ya rage: gwajin mita da na bokiti a kowace ziyarar duba gida, wadda doka ta iyakance a sau 4 cikin wata 12 da sanarwar kwana 7. Mayar da wutar hitar Gida na 2 saitin lokacin sanyi a watan Mayu, a sake gwada shawa a ranar. Cike sashen kayan tattalin ruwa da lambar mita a takardar bayanin halin gida duk lokacin da sabon ɗan haya zai shiga. Kyamara a layin yumɓun Gida na 1 a watan Yuni, tunda shekarunsa ɗaya da wanda aka tone.